Yini Ɗaya a Legas: Ina Za Mu Je, Me Za Mu Ci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, na daɗe ina zuwa Legas sarin kaya, amma ban san ko'ina ba sai Idumota da masaukina a Agege. Wannan karon zan tafi da maiɗakina da yaranmu biyu, na kuma ware yini ɗaya don mu zaga gari. Yara teku suke son gani, uwarsu ta ce kasuwar Balogun, ni kuma an ba ni labarin Badagry. Yaya zan haɗa su duka? Daga Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ba za su haɗu ba, kada ma ka gwada. Badagry tana can yamma, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, su kuwa Balogun da bakin tekun Lekki suna ɓangaren tsibiri. Wanda ya ce zai taka duka a yini guda, a cikin mota zai yi azahar da la'asar, yara na kuka a baya. A Kaduna mun saba mutum ya tashi daga Kawo ya je Sabon Tasha ya dawo bai yi asarar rabin yini ba. Legas ba haka take ba, cunkoso ne ke raba wa mutum lokacinsa. Ka ajiye Badagry sai wata tafiyar, ta cancanci yininta ita kaɗai: akwai tsohon benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa bakin jiragen ruwa.

Ku yi asubanci. Da an sallame sallar asuba ku bar Agege, ku ɗauki mota ta Bolt ko Uber, ko shatar direban da mai masaukinku ya sani. Da iyali ba na ba da shawarar danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, balle tsayar da motar da ba a sani ba a bakin titi. Ka ce wa direba ya bi ta gadar Third Mainland, ka sa yara kusa da taga. Tsawonta ya kusa kilomita 12, an kammala ta a 1990, kuma daga kanta za su hango gidajen katako na Makoko tsaye a kan ruwa, da masunta a cikin kwale-kwale. Ka faɗa musu wannan ruwan ba shi ne tekun ba tukuna, babban tafki ne da ke haɗe da shi.

Ku fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Mutane da yawa suna tsallake shi, ni kuwa ba na son ɗan Arewa ya je Legas bai shiga ba. A nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, hujin harsasai na nan a jikinta. Yaran da suka san sunansa a takardar naira ashirin kawai, in suka tsaya gaban motar nan tambayoyinsu za su canja. Akwai kuma mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, wato kayan jiharmu, domin ƙauyen Nok yana ƙaramar hukumar Jaba ne. Da kun fito, dandalin Tafawa Ɓalewa na nan kusa, inda aka yi bikin samun 'yancin kai a 1960.

Daga nan sai Balogun, ka cika wa Hajiya alkawari. Amma ku yanka lokaci tun a mota, awa biyu, domin kasuwar nan ba ta da ƙarshe, lungu ne ke haifar lungu. Ta rubuta abin da take so, leshi ne ko atamfa ko takalma, ta rataya jakarta ta gaba, kowane yaro kuma a riƙe hannunsa. Kada ku sa ranar Lahadi, yawancin shaguna a rufe suke, ranar Alhamis kuma kasuwanni ba sa buɗewa da wuri saboda shara. Babban Masallacin Legas yana titin Nnamdi Azikiwe, a cikin kasuwar za a ce, sai ku yi azahar a can ku huta.

Sai teku. Idan manya sun ce maka Bar Beach, ka sani babu ita yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Abin da ya rage a kusa su ne irin su Elegushi ta wajen Lekki, kuma ana biyan kuɗin shiga. Ku je a ranar aiki, da la'asar sakaliya. Daren ƙarshen mako kiɗa ne da shaye-shaye, ba wurin iyali ba ne.

A nan zan ja kunnenka da gaske, Alhaji. Tekun Atlantika ba kogin Kaduna ba ne. Igiyarsa tana zuwa ta daki ƙafa, sannan in za ta koma sai ta zare yashin da mutum ke tsaye a kai, ta ja shi ciki. Gwanayen iyo ma tana cin su. Ruwa ya tsaya wa yara a idon sawu, hannunsu cikin naka, kuma kada kowa ya juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Tsayuwar kaɗai ta isa: ƙarar ruwan, iskar gishiri a fuska, manyan jiragen dakon kaya jere a nesa suna jiran shiga tashar Apapa, watakila ma da kwantenar kayanka a ciki. Masu dawaki za su zo su ce a ɗora yara, ku gama ciniki kafin yaro ya hau.

Komawa ce mai wuya, domin da yamma duk ma'aikatan tsibiri gada suke nufa. Gara ku yi magariba da isha'i a can, ku ci abinci a natse, sannan ku kama hanya. In aljihu zai ɗauka, kwana ɗaya a otal a ɓangaren tsibirin ya fi wa yara sauƙi.

TAMBAYA: Za mu raka amarya Legas, kuma ni abinci ne damuwata. Ina tsoron yaji, ina kuma tsoron cin abin da ba halal ba. In tsaya ga abincin Hausawa kawai, ko in gwada nasu? Jatan lande da ƙaguwa sun halatta? Daga wata 'yar'uwa a Unguwar Rimi.

AMSA: Hajiya, ki gwada nasu. Tuwo da miyar kuka da tsire duk akwai su a Agege da Obalende da Idi-Araba, ba za ki kwana da yunwa ba, amma ba don su kika ƙetare kogin Neja ba. Da safe ki nemi wake da ake kira ewa agoyin, dafaffe luguf da baƙar miyar manja a kai, a haɗa da burodin Agege mai laushi. Da rana amala da ewedu da gbegiri. Gbegiri miyar wake ce, ewedu kuwa lalo ne, wanda muka sani a gida, don haka bakinki ba zai yi baƙunta sosai ba. Yajin yana cikin jar miyar da ake zubawa a sama, sai ki ce a sa kaɗan ko a ba ki a gefe. Shinkafar ofada da ake naɗowa a ganye tana da daɗi, amma miyarta wuta ce, ki ɗanɗana ta wani kafin ki saya.

Game da halal, Musulmi suna da yawa ƙwarai a cikin Yarabawan Legas, kuma masu sayar da abinci da dama Alhaja ake kiran su. Ki tambaya kai tsaye, ba abin kunya ba ne. Inda zuciyarki ba ta kwanta da naman ba, ki ce a sa miki kifi. A mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin ruwa halal ne, har da jatan lande da ƙaguwa. Sai dai wasu jikinsu ba ya karɓar su, in ba ki taɓa ci ba ki fara da kaɗan, in kika ji ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ki tsaya nan take ki nemi magani.

Wajen gasasshen kifi za su nuna miki tarwaɗa tana motsi a baho. Ki wuce ta, muna da ita a Kaduna. Ki nemi kifin ruwan gishiri, irin wanda suke kira kuroka. Ki duba idonsa ya zama garau, ƙarƙashin kunnensa ja, naman kuma in an danna ya dawo. Ki ji kuɗinsa, da na soyayyar doya ko ayabar da za a haɗa miki, kafin a ɗora shi a wuta. Shago mai layi da tukunya a kan murhu ya fi mini wanda abinci ke kwance a kwano tun safe. Ruwa kuma na gora, wanda kika buɗe da hannunki.

TAMBAYA: Wace tsaraba ce ta fi dacewa daga Legas, wadda ba za ta lalace a hanya ba? Daga Rigasa.

AMSA: Busasshen jatan lande da bandar kifi daga kasuwar Oyingbo, sai man kwakwa da yadin adire. Ɗanyen kifi kam a bar shi, ko da ƙanƙara, tafiyar mota zuwa Kaduna ta fi ƙarfinsa. Bandar ma ka karya ɗaya ka duba cikinsa saboda tsutsa, a naɗe shi da takarda kafin leda, a kuma raba shi da jakar tufafi.