Tambayi Likita: Wankin sitiroberi da ajiyarsa a gida

Likita, da na sayo sitiroberi nake wanke shi tas in sa a firji. Kwana biyu sai in tarar ya yi laushi, wani gashi-gashi ya fito masa. Ina kuskurena?

Malama, wankin nan da kike yi da wuri shi ke ɓata miki shi. Sitiroberi ba shi da ɓawon da zai kare shi, fatarsa sirirriya ce, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Fumfunar da kike gani, mai launin toka, Botrytis ake kiranta. Galibi tun daga gona take biyo shi, danshi kawai take jira ta tashi. Da kin jiƙa shi kin rufe, kin ba ta abin da take nema.

Idan kin kawo shi gida, ki zazzage ki duba ɗaya bayan ɗaya, ki ware wanda ya murje ko ya fara ruwa. Sauran ki jera su a roba mai faɗi wadda kika shimfiɗa wa tishu, kada ki tula su kan juna, kada ki cire koren ganyen kansu, murfin kuma ki bar masa 'yar kafar iska. A firjin da sanyinsa bai wuce digiri 4 ba zai yi kwana uku zuwa biyar, wani lokaci mako. A waje kuwa da ƙyar ya wuce kwana ɗaya ko biyu, kuma ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, don haka barinsa a waje ba ya ƙara masa zaƙi. Iya wanda za a ci yanzu shi za ki wanke.

Ina tsoron maganin feshi. Zan iya wanke shi da sabulun wanke-wanke ko ruwan khal?

Sabulu a'a, bilic ma a'a. Jikin sitiroberi yana tsotse su, ƙarshe a cikinka za su sauka. Ka fara wanke hannunka, ka zuba 'ya'yan a kwando mai huji, ka sakar musu ruwa mai tsabta mai sanyi kana jujjuya su a hankali kamar rabin minti. Sai bayan nan ka cire ganyen, domin in ka riga ka cire, ruwa zai shige ciki ya salamce shi. Wannan yana rage ƙasa, ƙwayoyin cuta da ragowar feshin da ke saman fata, amma ba ya kawar da su gaba ɗaya.

Ruwan khal ba laifi: kofi ɗaya cikin kofi uku na ruwa, minti biyu zuwa uku, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai. Ni dai ban ɗauke shi dole ba.

Idan guda ɗaya ya yi fumfuna, sai in zubar da duka?

Ba duka ba. Ki yar da wanda ya yi, da waɗanda suka manne da shi in sun yi laushi. Kada ki yanke wajen ki ci sauran, saboda a abu mai taushi irin wannan saiwar fumfuna tana kutsawa ciki inda ido ba ya gani. Masu ƙarfi da ba tabo ki wanke ki ci a ranar. In abin ya game robar, ki haƙura da ita.

Ina daskarar da shi a firiza don yara. Ƙanƙara tana kashe ƙwayoyin cuta, ko ba haka ba?

Hajiya, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ƙanƙara tana tsayar da lalacewa, amma ƙwayar cuta kwanciya kawai take yi, da an narkar tana nan. A 2012 a Jamus kusan mutum 11,000, akasarinsu 'yan makaranta, suka kamu da amai da gudawa ta dalilin ƙwayar norobairos da ke cikin daskararren sitiroberi. A 2022 kuma an alaƙanta ɓullar ciwon hanta nau'in A a Amurka da Kanada da ɗanyen sitiroberi. Irin waɗannan ƙwayoyi daga hannun mai tsinka ko gurɓataccen ruwan ban-ruwa suke zuwa, kuma tafasawa ce ke kashe su.

Saboda haka a nan ne kawai nake cewa a wanke kafin ajiya. Ki wanke, ki busar, ki cire ganyen, ki jera a faranti su daskare ɗai-ɗai, sannan ki juye a leda ki matse iskar. Zai yi watanni. Wanda kika sayo a daskare kuwa, idan ƙaramin yaro, mai juna biyu, tsoho ko mai raunin garkuwar jiki ne zai ci, ki tafasa shi na minti ɗaya zuwa biyu tukuna. In yaro ya ci ya fara gudawa mai jini, ko idonsa ya yi rawaya ko da bayan makonni ne, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da ya ci.