Me ke sa siririn fim na oksayid ya tsage in an ɓare shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin fiziks. Na ji ana raba siririn fim na oksayid da farantin da aka gina shi a kai, a mayar da shi kan silikon. Ta yaya ake yi, kuma me ke tsaga shi? — Ɗaliba daga Yalwa, Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Dabarar da aka fi bi ita ce wadda ayarin Harold Hwang na Jami'ar Stanford ya fitar a 2016. Kafin a gina fim ɗin, sai a fara shimfiɗa Sr3Al2O6 (oksayid na sitirontiyom da alminiyom) a kan farantin SrTiO3 (oksayid na sitirontiyom da titaniyom), yawanci da leza mai tsawon zango nanomita 248, a zafin da ya kai wajen digiri 700 na Salshiyas. Wannan shimfiɗa ta tsakiya ruwa ke narkar da ita. A kanta ake ɗora fim ɗin.

In an gama, ki manna PDMS (wata roba mai laushi) ko ki shafa PMMA (wani filastik da ake shafawa ya bushe) a sama don su riƙe fim ɗin, ki tsoma cikin ruwan da aka cire wa gishirin ma'adinai, ba ruwan leda ba. Ruwan ta gefe yake shiga yana ci a hankali, don haka ki kankare gefen farantin in fim ya rufe shi. Kada ki ja. Bari ya saki da kansa, ko da zai kwana. In ya saki, sai ki ɗora shi kan silikon, ki cire PDMS ko ki wanke PMMA.

Tsagewa kuwa daga bambancin tazarar atam take farawa. Ta SrTiO3 nanomita 0.3905 ce, ta Sr3Al2O6 in an raba huɗu kusan 0.396. Fim ɗin a takure yake girma, da ya samu sakewa sai ya tsage ko ya yamutse. Shi ya sa ake musanya wani ɓangare na sitirontiyom ɗin Sr3Al2O6 da kalsiyom, tazarar ta ragu ta dace da fim ɗin. Sauran ɓarnar ta hannu ce: lanƙwasa PDMS wajen ɗagawa, kumfar iska a ƙarƙashi, gaggawar wanke PMMA da asiton (sinadarin da ke narkar da shi) kafin fim ya kama silikon.

Ki kula da laima. Sr3Al2O6 na shan damshin iska, kuma a watan Agusta na Bauchi ba ya jimawa a fili, sai a akwatin busarwa. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar, ƙwaya ɗaya a kan silikon ta isa ta huda fim ɗin.