Fatawa: Hukuncin Mutum-mutumin Dainoso a Wurin Shaƙatawa

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni magini ne a Hotoro. Da Sallah na kai yara wani wurin wasa, muka tarar da ƙaton dainoso (wata dabba ta zamanin da) na siminti, baki wangame, yara na zura kai ciki ana ɗaukarsu hoto. Yanzu kuma an yi mini tayin gina irinsa. Wani ya ce tunda dabbar ta ƙare a duniya babu laifi. Haka ne?

Amsa: Bismillah. Malam, abokin naka bai duba wurin da hukuncin ya rataya ba. A Malikiyya sura tana haramta idan ta haɗa abu uku: ta mai rai ce, tana da inuwa (wato mai jiki ce, ba zane ba), gaɓoɓinta sun cika. Dainoso kuwa dabba ce da aka busa wa rai. Masana sun ce ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, ga ƙasusuwanta nan ana tonowa a yankin Agadez, nan maƙwabta. Mutuwarta ba ta mayar da ita bishiya ba.

Na san za a kawo mini hadisin Nana A'isha da dokinta na wasa mai fukafukai, wanda Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba, kuma wasu malaman zamani sun dogara da ita sun halatta abin da aka yi don wasan yara ko koyarwa. Sai dai 'yar tsana a hannu take, a ja ta a ƙasa, gobe ta karye. Wannan kuwa an kafa shi ya fi katanga tsayi, zai shekara ashirin a tsaye. Zuciyata ba ta natsu da kiyasin ba.

Don haka kada ka karɓi kwangilar yadda take. Wani mai sana'ar sura ya je wa Ibn Abbas da irin damuwarka, ya ce masa in ba makawa ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Ka ba mai wurin shawarar dutse mai zubar ruwa, ko ƙwarangwal, wanda ba surar mai rai cikakkiya ba ce.

Kai yara kuwa da sauƙi, tunda lilo kuka je, kuma ba wanda ke girmama abin. Ɗaukar hoto a jikinsa dai a bari. Kuma kada wani ya ji wannan ya ɗauki guduma; gyara irin wannan na mai wurin ne da hukuma.

Wallahu a'alam.