Tambaya da Amsa: Kekuna huɗu, injin aiki ɗaya, ga Sallah ta matso

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni tela ne a Kasuwar Barci nan Kaduna, ina da mai yanka ɗaya, injin aiki ɗaya (na yi wa kaya ado da zare), kekunan ɗinki huɗu da yaro mai guga, amma wallahi duk Sallah sai na ji kunyar kwastomomi, yarana na zaune suna latsa waya ga kaya jibge a gaban injin aiki. In ƙaro keke ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam tela. Kar ka sayi keke, ko goma ka jera kayan da za su fita shagon ba za su wuce abin da injin aikin nan ya iya saki ba, shi ne maƙogwaron shagon. To duk tsarinka ya koma kansa, kar ya zauna ko na minti biyar, in an ɗauke wuta shi za a fara ba janareto, kuma tun dare a yanke masa kaya biyu ko uku ya kwana da su.

Sannan ka daina bin layin wanda ya fara kawowa ido rufe. Tun 1954 wani masanin lissafi a Amurka, Johnson, ya fitar da ƙa'ida kan aiki mai hawa biyu: wanda hawan farkonsa gajere ne a sa shi gaba, wanda hawan ƙarshensa gajere ne a bar shi baya. A naka shagon, hawan farko injin aiki ne, na biyu keke: kayan da aikinsu kaɗan ne amma suna cin lokaci wajen haɗawa su bar injin aiki da wuri don keke ya samu abin taunawa, kaftanin yara da ake haɗawa nan da nan shi ne na yamma. Gaskiya ƙa'idar tasa ta inji ɗaya ce a kowane hawa, in kekuna sun yi yawa ko kwamfuta sai ta yi gumi kafin ta gano tsari mafi kyau, amma dabarar na taimakawa sosai.

Kekunan kuma, ka fara raba manyan ɗinkuna, duk wanda hannunsa ya sauka ya ɗau na gaba, kar a ce wannan kayan na wane ne.

Abin da ya fi cin rai shi ne canjin zare. Haɗa duk shaddodin da ke son zare kala ɗaya su wuce tare, sai dai in akwai na ango da ranarsa ta ƙure, wannan kam ya tsallake layi.