Koren garin nan, kada ka kuskura

Ɗana saƙonka ya iso. Ka ce karfasarka ta fara fitar da wani farin abu kamar auduga a wutsiya da gefen jiki, wai abokanka sun ce ka sayo koren garin nan malakait girin ka zuba, shi ne kake tambayata cokali nawa. Ko kan cokali ban yarda ba, kuma da ka san abin da garin nan ya yi min da ba ka kawo min sunansa ba.

Shekarar da na haƙa tafkina na uku a Mai Wurno, nan Sudan, tun kafin yaƙin nan, watan Janairu aka yi wani sanyi, kifi suka daina cin abinci, audugar nan ta kama su. Na tafi kasuwar Sinnar wajen wani mai maganin dabbobi, ya ɗauko min garin a ƙullin leda, babu takarda babu suna, ya ce Usta wannan shi manya ke amfani da shi, zuba kawai da ido. Ni da na shekara ashirin a bakin Nilu na biye masa. Da asuba na tarar da 'ya'yan kifi wajen 6,000 sun juya ciki sama, kuɗin da na ranta wajen surukina kenan ya bi ruwa. Manyan kifin kuwa suka warke sumul, na ma fara yabon maganin, na sayar wa mata masu suya kwando biyu, a gidana ma aka ci.

Sai ɗan ƙanena da ke karatun likitan dabbobi a Khartum ya zo hutu ya ga hannuna kore har gwiwar hannu. Wallahi yaron nan tsayawa ya yi kamar zai yi kuka. Ya ce Baba wannan rini ne fa, na siliki da fata da takarda, in ya shiga jikin kifi rikiɗa yake ya koma wani abu marar launi ya maƙale a kitse wata da watanni, wanki ba ya fitar da shi, suya ba ta gamawa da shi, kuma a gwajin da aka yi wa beraye ya taɓa hanta har ana zarginsa da kawo ciwon daji. Amurka da Turai sun hana shi a kifin ci, ƙasar Sin ma ta hana tun 2002. Ragowar kifin rami na haƙa na binne da hannuna. Da na koma wa mai maganin nan cewa ya yi bai taɓa ganina ba, a gaban mutane. Kuɗi na haƙura, amma kwando biyun nan da 'ya'yan mutane suka ci har yau suna tsaye min a rai.

Ku yaran yanzu komai sai a Facebook, kowa likita ne, ba mai son tsugunawa ya dubi ruwansa. Audugar nan funfuna ce, kifin da sanyi ya galabaitar ko raga ta goge masa fata shi take kamawa. Gishiri ya ishe ka, irin ɗanyen nan na Bur Sudan. Kilo 3 a lita 1,000 ka bar shi a ciki, waɗanda abin ya ci sosai kuma ka ware su a baho, giram 20 a kowace lita, minti 10 zuwa 15, kana tsaye a kansu, da ka ga ɗaya ya fara kifewa ka tsame. Tarwada ba ta kai karfasa jure gishiri ba, ka sassauta mata. Ƙwai kuma ruwan oksijin, wato haidirojin feroksaid, ake sa musu, wannan Amurka ma ta amince da shi, amma sai na nuna maka awon da kaina, ba zan faɗa a waya ka je ka ƙona su ba. Shuɗin rinin nan metilin bulu da jibi, wato maganin nan mai launin shunayya da ake shafa wa ciwo, su ma ka bar wa masu kifin ado.

Canjin ruwa da tsince matattu ba sai na ɓata bakina ba. Ka daina taɓa su da raga har sanyi ya wuce, ka rage abinci. Ranar Juma'a bayan masallaci zan biyo, in tarar da buhun gishirin a bakin tafki.