Riƙe numfashi ba ya gyara ƙwaƙwalwar mai ciwon mantuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a Jidda, mahaifina mai shekara 74 yana fama da cutar Alzaima, wato ciwon mantuwa. Wata maƙwabciya ta turo mini bidiyo cewa a riƙa sa shi riƙe numfashi, ko a kai shi Abha, wani gari a kan tsaunuka a Saudiyya, wai ƙwaƙwalwarsa za ta saba da ƙarancin iska ta farfaɗo. Ga shi da dare yana minshari har numfashinsa ya ɗauke. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ki gwada abin da ke cikin bidiyon nan.

Masu yaɗa shi sun ɗauko gaskiya ne suka murɗe ta. Jiki na da hanyar sabawa da ƙarancin oksijin ta wani sinadari mai suna HIF, wanda gano shi ya jawo kyautar Nobel a 2019. A lafiyayyen mutum, oksijin na raguwa jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke buɗewa, jini ya ƙaru. A mai Alzaima kuwa jinin ya riga ya ragu, sau da yawa sinadarin amiloyid ya taru a bangon ƙananan jijiyoyin, ba sa buɗewa yadda ya kamata.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suke cewa a fara da jan numfashi da sauri. Wannan yana fitar da iskar kabon daga jini, jijiyoyin ƙwaƙwalwa su tsuke, jini ya ƙara raguwa. Sai jiri, sai faɗuwa, dattijo ya karya ƙugu a banɗaki. Wasu har leda suke sa wa tsoho a fuska, mutumin da ba zai iya cewa ya galabaita ba! Gwajin rage oksijin da masu bincike ke yi, da na'ura ake auna iskar, likita na tsaye, kuma bai zama magani ba tukuna.

Abha ta haura mita 2,000 a tudu. Zuwa can ba magani ba ne, kuma sauya wuri kaɗai kan ƙara masa ruɗewa.

Minsharin nan shi ne abin dubawa. Ki ɗauki bidiyonsa yana barci, ki kai wa likitansa, ki nemi gwajin barci. Idan numfashi na ɗaukewa daƙiƙa 10 ko fiye, sau 30 a awa, abin ya yi tsanani, ana ba da na'urar CPAP, wadda ke tura iska ta hanci lokacin barci don kada hanyar numfashi ta toshe. A auna hawan jini da suga, kuma kada a ba shi maganin barci sai da izinin likita.