Fatawa: Faifan da aka daina bugawa, nawa ya halatta a sayar da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan shago a Dilimi cikin Jos, ina saye da sayar da tsofaffin kayan sauti. Kwanan baya wata dattijuwa da maigidanta ya rasu ta aiko jikanta da kwali shaƙe da faya-fayan CD, akwai na Ɗan Maraya, na Shata, na mawaƙan Turai da na karatun malamai. Na saya naira 500 kowane ɗaya. Yanzu wani daga Abuja ya taya guda ɗaya naira 40,000 saboda an daina buga shi. Hankalina bai kwanta ba. Shin riba tana da iyaka a Musulunci? Yaya zan yanke farashin da babu zalunci a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin kuɗin su shiga aljihu.

Kafin a zo kan farashi, sai an duba abin da ke cikin faifan, don abin da Allah ya haramta, ya haramta kuɗinsa. Zazzage kwalin nan ka kasa shi. Na karatu da wa'azi da waƙen da babu kiɗa, cinikinsu halal ne. Na batsa da kirarin giya, babu malamin da zai halatta maka su, fasa su za ka yi ko nawa aka taya. Saura masu kiɗa da kalmomi masu tsabta, irin na kuntigi da kalangu. A nan malamai sun saɓa. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa, in ban da ganga irin ta biki da aka yi rangwame a kanta, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san haka. Ibn Hazm da wasu sun halatta. Ni ra'ayin jumhur, wato mafi yawan malamai, na fi natsuwa da shi, kuma shawarata ka riƙa karkata jarinka zuwa abin da babu shubuha.

Ita riba kuwa, shari'a ba ta yanka mata iyaka ba. Maganar da ke yawo a kasuwa cewa kada riba ta wuce kashi ɗaya bisa uku, ba aya ba ce, ba hadisi ba ce. Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya sa masa albarka. Zubairu ɗan Awwam ya sayi wani fili mai suna Gaba kusa da Madina a kan 170,000, ɗansa Abdullahi ya sayar 1,600,000. Duka biyun suna cikin Bukhari. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ita ma ta ce babu ƙayyadadden kaso. Faifai kuma ba hatsi ba ne da za a ce ka ɓoye abincin jama'a. Ƙarancin abu yana ɗaga darajarsa. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, Shata a 1999, babbar kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone a 2002 da kayan mutane a ciki. Abin da ya tsira dole ya yi tsada.

Saboda haka 40,000 ba ita ta dame ni ba. Naira 500 ɗin ce ta dame ni.

Tambayi zuciyarka: ranar da yaron nan ya dire kwalin a gabanka, ka san darajar abin da ke ciki? In ba ka sani ba, kai ma ƙaddara ka saya, ciniki ya yi, ribarka halal. Amma in ka sani, yaro ya ce "Baba, nawa ake sayen irinsu?" ka ce ai tarkace ne, wa ke sauraron CD yanzu, to wannan shi ne wanda malamanmu na Malikiyya ke kira mustarsil, wanda ya miƙa maka wuya ya dogara da gaskiyarka. Cutar da shi haram ce, kuma yana da haƙƙin warware ciniki. A nan ne ma maganar sulusi ta samo asali: wasu malaman mazhaba sun sanya shi ma'aunin cutar da za a iya kai ƙara a kanta idan mutum bai san farashi ba, ba iyakar riba ba ne.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba. Kayan mamaci ne. An raba gado? Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take da shi, wato ɗaya bisa takwas. In ba a raba ba, ta sayar da abin da ba nata ita kaɗai ba, wataƙila har da haƙƙin marayu. Taka ka je gidan da ƙafarka, ka gaishe ta, ka tambaya. In magada sun amince, ka faɗa musu abin da aka taya, ka ƙara musu abin da zai faranta musu rai.

Wajen yanke farashi, abin da fiƙihu ke kira "kuɗin tamka" shi ne ma'auni: nawa aka sayar da irinsa, ba nawa aka yi masa kuɗi ba. Na Turai suna da sauƙi, shafin intanet na cinikin faya-fayai mai suna Discogs yana nuna mafi ƙarancin abin da aka taɓa biya da matsakaici da mafi yawa, shafin kasuwanci na eBay ma yana nuna waɗanda aka riga aka sayar. Namu na gida sai ka tuntuɓi 'yan kasuwa biyu ko uku masu amana waɗanda ba su da ido a kan kayan. Daga nan ka rage gwargwadon aibi. Ɗaga faifan a hasken rana ka juya shi, kowane ƙarce zai fito. Sa shi a na'ura ka saurara har ƙarshe, in yana tsalle a waƙa ta biyar, faɗa wa mai saye tun bai tambaya ba, haka in takardar murfin ta ɓata. Ka tuna Annabi ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Dubi bayansa kuma. Bugun kamfani fari ne kamar azurfa, da 'yan ƙananan lambobi kewaye da ramin tsakiya. Wanda aka kwafa a kwamfuta sau da yawa yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Sayar da kwafi da sunan na asali cin haram ne. Haka cewa "shi kaɗai ya rage a duniya" alhali kana da uku a ƙarƙashin kanta, ko sa abokinka ya zo yana tayawa na ƙarya don mai saye ya ƙara, wanda shi ne najashin da Annabi ya hana. Kada kuma ka ƙirƙiri wani mai tayi a waya wanda babu shi.

Mutumin Abujan nan, in faifan yana cikin kason halal, ya san abin da yake saye, ka nuna masa aibinsa ya ce ya yarda, karɓi 40,000 ɗinka. Amma kada ka sallama sai ka dawo daga gidan dattijuwar.

Wallahu a'alam.